Ɗan da ya yi renon ubansa: zubi da taurarin fim ɗin Back to the Future

A shekarar 1980 wani marubucin fim mai suna Bob Gale ya je ganin gida a St. Louis, jihar Missouri ta Amurka. Yana tonon tsofaffin kaya sai ya ci karo da kundin hotunan ɗaliban sakandaren da mahaifinsa ya yi, ya ga ashe tsohon ne shugaban ɗaliban ajinsu. Gale ya tuna shugaban nasu ajin, yaron da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, sai tambaya ta faɗo masa: da ni da babana mun zauna aji ɗaya muna tsaran juna, za mu yi abota kuwa? Ya kai wa abokin aikinsa Robert Zemeckis wannan tambaya, kuma daga cikinta fim ɗin Back to the Future ya fito ranar 3 ga Yuli, 1985. An kashe masa dala miliyan 19, ya dawo da sama da miliyan 380 a faɗin duniya, babu fim ɗin da ya kamo shi a wannan shekarar.

Abin lura shi ne, a tambayar Gale babu mota, babu injin, babu kimiyya ko ta kobo. Akwai ɗa, akwai uba, akwai shekara talatin a tsakaninsu. Duk tarkacen kimiyyar da aka jibga wa labarin daga baya, aikinsa kawai ya cire shekara talatin ɗin nan na tsawon mako guda. A wurinmu da yaro ke sunkuyar da kai gaban mahaifinsa, tambayar ta fi nauyi ma. Wa ya taɓa zama ya hasko babansa yana saurayi, yana rawar baki gaban budurwa, ko wani ƙato yana ƙwace masa kuɗin tara? Dariyar fim ɗin daga wannan haramtaccen leƙe take tasowa.

Ga wanda bai kalla ba, labarin a taƙaice: Marty McFly, ɗan shekara 17 a wani ƙirƙirarren gari na Kalifoniya mai suna Hill Valley, yana da aboki tsoho, masanin kimiyya Dakta Emmett Brown, wanda ya mayar da mota ƙirar DeLorean na'urar ratsa zamani. Daren gwaji, 26 ga Oktoba, 1985, 'yan bindiga suka harbe Dakta, Marty ya faɗa motar don tsira da ransa, sai ga shi a ranar 5 ga Nuwamba, 1955. Can ya yi katsalandan cikin haɗuwar iyayensa ba da niyya ba, uwar ta kamu da son sa maimakon uban. Idan bai gyara ba, ba za a haife shi ba.

Minti talatin ɗin farko su ne makarantar duk mai son koyon zubin labari. Marubutan sun yi aikin manomi ne: abin da duk za a girba a 1955, an shuka shi a 1985 tun mai kallo bai san gona ake yi ba. Kyamara ta buɗe kan tarin agogo a ɗakin Dakta, ɗaya daga ciki da ɗan mutum-mutumi yana reto a hannun agogon, wanda shi ne ainihin halin da Dakta zai shiga a ƙarshen fim. Talabijin na ba da labarin an sace sinadarin fulutoniyam, sai allon zamiyar Marty ya gangara ya bugi akwatin sinadarin a ƙarƙashin gado. Ba wanda ya yi mana bayani, amma an riga an gaya mana wane ne Dakta da irin rigimar da ya jawo wa kansa. Daga nan malamin horo na makaranta, Strickland, ya shaida wa Marty cewa babu wani ɗan gidan McFly da ya taɓa zama wani abu a tarihin garin. Alƙalan gasar kiɗa suka kori ƙungiyarsa don ƙara ta yi yawa. Marty ya gaya wa budurwarsa Jennifer cewa yana tsoron aika kaset ɗinsa kamfani kada a ce bai iya ba. Motar kamfen ɗin magajin gari Goldie Wilson ta wuce. Wata mata ta katse musu hira da gwangwanin neman taimako don a adana agogon kotun garin, wanda tsawa ta faɗa wa shekara talatin da suka wuce, ta miƙa masa takarda.

Wannan takarda ita ce gwanintar da na fi so a fim ɗin gaba ɗaya. Ita ke ɗauke da rana da lokacin da tsawar ta faɗa, wato mabuɗin dawowar Marty gida. Amma wane saurayi ne zai adana takardar ƙungiyar kare kayan tarihi? Kwandon shara za ta. Sai marubutan suka sa Jennifer ta rubuta lambar wayar kakarta da kalmar soyayya a bayan takardar. Yanzu yana da dalilin cusa ta a aljihu, mai kallo kuma ya ɗauka fitowar ta soyayya ce. Haka kowace shuka take a fim ɗin, tana zuwa da wani aikin na daban da zai ɗauke hankali, galibi raha.

Teburin cin abincin dare na gidan McFly ma haka. Uwa Lorraine, ta yi ƙiba, tana kurɓar giya, tana yi wa 'yarta wa'azin cewa ita a zamaninta ba ta taɓa bin namiji ba, ba ta taɓa zama da saurayi cikin mota ba. Ta sake maimaita labarin da yaran suka gaji da ji: babanta ya buge George, wato uban nasu, da mota, aka shigo da shi gida, tausayinsa ya kama ta, suka je rawar makaranta, ya sumbace ta, shi ke nan. Uban kuwa hankalinsa na kan talabijin yana wata dariya mai ban haushi, bayan ɗazun nan shugabansa a wurin aiki, Biff Tannen, ya lalata masa mota, ya ƙwanƙwashi kansa, ya kuma umarce shi ya rubuta masa rahoton ofis. A kallon farko wannan hoton gidan da ya lalace ne. A kallo na biyu sai ka gane taswira aka ba ka: ga inda iyayen za su haɗu, ga inda dole su kai, ga mutumin da zai tare hanya.

Kimiyyar fim ɗin kuwa lambobi uku ce. Sai mota ta kai gudun mil 88 a awa, wajen kilomita 142. Sai an samu wutar lantarki gigawat 1.21. Tsawa za ta faɗa wa agogon kotu ƙarfe 10:04 na daren 12 ga Nuwamba, 1955. Yadda na'urar ke aiki, Dakta ya nuna wani akwati mai fitilu uku ya ce shi ke sa tafiyar ta yiwu, ya ce hoton abin ya zo masa ne ranar da ya zame a banɗaki yana rataye agogo ya buga kai. Iyakar bayanin ke nan, kuma ya isa. Mai kallo ba ya bukatar fahimtar kimiyyar, yana bukatar sanin dokar wasan ne, don ya iya jin tsoro da kansa lokacin da allurar gudu ta tsaya a 80. Yawancin finafinan almarar kimiyya da suka faɗi, a nan suka faɗi: ko su cika mutane da bayani, ko su bar doka a sake ta yadda komai zai iya faruwa, in kuwa komai zai iya faruwa babu abin fargaba.

Akwai matsala ta biyu da lambobi ba za su auna ba, wato soyayyar iyayen. Ta yaya za a nuna wa ido cewa aure yana warwarewa tun ba a ɗaura ba? Sai aka ba Marty hoton da ya ɗauka da yayyensa biyu, Dave da Linda. Babban ya fara gogewa daga kai, sannan ta tsakiya, sannan shi. In ka bi ta hankali abin bai da ma'ana, don in iyayen ba su yi aure ba hoton ma gaba ɗaya ba zai wanzu ba, kuma ba dalilin da zai sa mutum ya ɓace gaɓa-gaɓa. Amma a matsayin ma'auni ya yi aiki sarai. Labarin ya zama yana da agogo biyu masu tafiya tare, na bangon kotu da na aljihun Marty, kuma duka biyun a dare ɗaya za su buga.

Wannan tsari bai zo musu a sama ba. A rubutun farko na'urar ba mota ba ce, wani akwati ne da ake ɗauka a bayan babbar mota, kuma don Marty ya dawo sai an kai shi filin gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Nevada, ya ɓuya a cikin firiji. Kuɗi ya hana. Kamfanin Universal ya nemi a rage kasafi, sai aka dawo da ƙarshen labarin dandalin garin da aka riga aka gina. Talaucin ya yi musu rana. Da an tafi Nevada, labarin zai bar garin da ya shafe awa ɗaya da rabi yana koya mana lungunansa, ya je ya ƙare a wurin da ba mu da kowa. Ita ma DeLorean ba don kyau kaɗai aka zaɓe ta ba. Kamfaninta ya durƙushe tun 1982 bayan ya ƙera kimanin guda 9,000 a kusa da Belfast, amma ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fukafukai, jikinta kuma farin ƙarfe ne. Saboda haka lokacin da ta afka rumbun wani manomi a 1955, Marty ya fito sanye da rigar kariya daga tururin nukiliya, iyalin suka tabbata baƙo ne daga wata duniya, ɗan manomin har da nuna wa uban hoton mujallar almara a matsayin hujja.

Yanzu ga batun taurari, inda nake ganin yawancin masu sharhi ke yin gaggawa. Tun da Joseph Campbell ya fitar da littafinsa kan tafiyar jarumi a 1949, Christopher Vogler kuma ya mayar da shi jagorar marubutan fim a 1992, an saba da jerin kujeru: jarumi, malamin da ke shiryar da shi, mugu, mai kawo kira, mai wayo, da sauransu. Ana ɗora wannan awo a kan fim ɗin nan a ce Marty jarumi, Dakta malami, Biff mugu, a tashi. Sunayen sun zauna, amma ba su bayyana dalilin da ya sa fim ɗin ke ba da dariya ba. Dalilin shi ne kowa an zaunar da shi a kujerar wani.

A awon Campbell jarumi shi ne wanda tafiya ke canzawa. To me ya canza a Marty? Ya shiga 1955 da ƙarfin hali da saurin dabara da iya jita, ya fito da su yadda suke. Wanda ke da rauni, aka kira shi ya ƙi amsawa, aka matsa masa, ya fuskanci abin da ya fi tsoro, ya fito wani mutum daban, George ne. Marty malaminsa ne. Shi ke koya masa abin da zai faɗa wa mace, shi ke gaya masa cewa in mutum ya sa kansa zai iya, maganar da shi ma daga bakin Dakta ya ɗauko ta, kuma a ƙarshen fim George zai maimaita wa Marty ita a matsayin nasihar uba, bai san daga wurin yaron ya ara ba. Da lallashi ya ƙi ci, Marty ya sa rigar nukiliyar nan ya shiga ɗakin George da tsakar dare, ya toshe masa kunne da kiɗan jita mai ƙara, ya ce shi baƙo ne daga wata duniya, in bai nemi Lorraine ba zai narkar masa da ƙwaƙwalwa. Wannan aikin Gizo ne tsantsa, cin nasara da ƙarya da kayan aro. Ya yi tasiri ne don an riga an nuna mana George mai rubuta labaran baƙin sararin sama ne a ɓoye, ba ya bari kowa ya karanta don kada a ce bai iya ba. Kusan kalmomin da Marty ya faɗa wa Jennifer kan kaset ɗinsa ne suka fito daga bakin uban. A wannan fitowa, a ɗakin cin abincin makaranta, fuskar Marty ta nuna ya ji muryarsa. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, shi kuwa ya ga abin da ya gada bai yi masa daɗi ba. Nan ne kaɗai labarin ya taɓa cikin Marty, kuma bai daɗe a wurin ba.

Su kansu marubutan sun san da wannan giɓi. Da suka zo yin kashi na biyu da na uku a 1989 da 1990, sai suka liƙa wa Marty wani aibi da babu shi a na farko, cewa ba ya jure a kira shi matsoraci. Ɗinkin ya fito fili, kuma a ganina ba a bukace shi ba. Tauraron da ba ya canzawa amma yana canza duk wanda ya taɓa, tsohon nau'i ne mai zaman kansa.

Irin wannan tauraro yana bukatar ɗan wasa na musamman, kuma tarihin fim ɗin ya tabbatar da haka da tsada. An fara ɗauka a ƙarshen 1984 da Eric Stoltz, aka yi fiye da wata guda, sannan Zemeckis mai ba da umarni da Steven Spielberg, ɗaya daga cikin masu shirya fim ɗin, suka duba abin da aka ɗauka suka ga ba dariya. Stoltz ƙwararre ne, amma ya ɗauki halin Marty da gaske, a matsayin yaron da ya faɗa cikin bala'i, wanda in an bi gaskiya hakan ne. Aka sallame shi aka kawo Michael J. Fox, wanda ke wasan talabijin na Family Ties da rana, ya zo nan da dare. Aikin Marty shi ne ya zama idon mai kallo: ya ga abin mamaki, ya zaro ido, ya haɗiye, ya yi ƙarya da sauri. Fox gwanin wannan ne. Wani abin ban dariya a gefe: Crispin Glover da ya fito a uban bai girmi kowa a cikinsu ba, Fox ne ma ya ba shi kusan shekara uku, ita kuma Lea Thompson da ta fito a uwar shekararsu ɗaya da Fox.

Dakta Brown, wanda Christopher Lloyd ya fito, an ɗinka shi da kayan mahaukacin masani na tsofaffin finafinai: farin gashi a tsaye, idanu waje, ɗaki cike da na'urorin da ba sa aiki. A al'adar waɗancan finafinai irin wannan mutum shi ne haɗarin. A nan shi ne mai amana. Sannan kujerarsa ta malami tana juyewa da zarar an isa 1955, domin Daktan wancan lokaci bai ƙera komai mai aiki ba tukuna. Yaron ne ya zo masa da labarin abin da zai zama, ya nuna masa bidiyon kansa yana tsoho. Farin cikin da ya rufe shi da ya ga a ƙarshe ya ƙirƙiro abu mai aiki ya nuna shi ma maraya ne ta wata fuskar, mutumin da gari ya ɗauka tababbe. Fim ɗin bai taɓa bayyana yadda shi da Marty suka zama abokai ba, kuma ba wanda ke tambaya, don mun ga uban da ke gida, mun gane abin da yaron ke nema a garejin tsoho. Zare na uku na labarin nasu ne: Marty ya san za a harbe Dakta, Dakta kuma ya ƙi sauraro don yana ganin sanin gobe haɗari ne. Wasiƙar gargaɗin da ya yayyaga a gaban Marty, daga baya ya liƙe ta ya sa rigar sulke, ita ce shaidar cewa malamin ya karya dokarsa saboda ɗalibi.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba da ɗan barkwanci mai layinsa daban: jarumi na fama da bos, can gefe wani na faɗawa kwata, in ka yanke fitowarsa labari bai rasa komai ba. Camamar gida ma mafi yawanta a bakin ɗan wasa take rayuwa. A nan babu mai wannan kujera. Dariyar tana cikin ginin ne, tana fitowa daga abin da mu da Marty muka sani wanda mutanen 1955 ba su sani ba. Dakta ya tambayi wane ne shugaban Amurka a 1985, aka ce Ronald Reagan, ya fashe da dariyar raini don shi ɗan fim ya sani. Lorraine ta ga suna a jikin kamfan Marty ta ɗauka sunansa ne, ta dinga kiran sa Calvin. Ba za ka iya cire waɗannan ka ba wani ɗan wasa a wani fim ba.

Lorraine ce kujerar da ta fi wuyar zama. A tsarin gargajiya akwai uwa, akwai budurwar da ake nema, akwai mai jan jarumi zuwa halaka, kuma mutum uku ne. Nan an haɗa su a jiki ɗaya. Wannan ne ya sa rubutun ya sha ƙi, fiye da sau 40 in ji Gale: wasu kamfanoni suka ce bai kai finafinan matasa na lokacin rashin kunya ba, Disney kuma ta ce uwa mai son ɗanta ya fi ƙarfinta. Mai kallo Bahaushe zai fi fahimtar Disney. Yadda aka kwance ƙullin shi ne aka bar ita Lorraine ta janye da kanta. A cikin mota, inda ta rantse ba ta taɓa zama da saurayi ba, bayan ta sha giya ta kunna taba, ta sumbaci Marty, sai ta ja baya a firgice ta ce ji ta yi kamar ɗan'uwanta ta sumbata. Da Marty ne ya ture ta, da ta zama abar tausayi ko abar ƙyama. Da yake jininta ne ya gaya mata, mutuncinta ya tsira, labarin ma ya tsira.

Mintunan da suka biyo baya su ne ƙashin bayan fim ɗin. Shirin Marty wasan kwaikwayo ne: zai yi kamar yana takura wa Lorraine, George ya zo ya buɗe ƙofa ya faɗi kalmomin da aka haddace masa, ya yi naushin ƙarya. Sai Biff ya riga shi zuwa, yaransa suka jefa Marty a but ɗin motar makaɗa. George ya iso da haddarsa, ya buɗe ƙofa, ya tarar da abin ya zama gaske. Malami ba ya nan, kuma dole ne kada ya kasance, don in yana nan nasarar ba ta George ba ce. Biff ya ce ya rufe ƙofa ya wuce. Duk abin da muka sani game da George na cewa zai wuce. Kiɗa da raha sun ɗauke, abin da Biff ke yi wa Lorraine a motar nan ba wasa ba ne, yunƙurin fyaɗe ne. Fim ɗin ya yi kasadar barin barkwanci na ɗan lokaci don naushin ya samu nauyi. Kuma ko a nan ba a huta ba: makaɗin da ya ɓalle but ɗin ya yanke hannu, in babu kiɗa babu rawa, in babu rawa babu sumba, sai Marty ya hau dandamali da jitar da aka hana shi kaɗawa a farkon fim. Kowace mafita ita ke haifar da matsala ta gaba, har zuwa reshen da ya faɗo ya cire wayar Dakta da motar da ta mutu a kan layi.

Biff kansa ba shi da zurfi, kuma ba a nemi ya yi ba. Ƙato ne mai ƙaramin tunani wanda ke kwaɓa karin magana. Amfaninsa shi ne ya zama ma'auni: abin da ya yi wa George kan rahoton ofis a 1985, shi ya yi masa kan aikin gida na makaranta a 1955, kusan kalma da kalma, don mu gane shekara talatin ba ta motsa komai ba.

Akwai wuraren da ginin ya yi kyau amma abin da aka gina a kai ya tsufa. 'Yan bindigar da suka harbe Dakta 'yan Libiya ne, ba su da suna, ba su da fuska, ihu kawai suke. A Amurkar Reagan, wadda ta harbo jiragen Libiya a 1981 ta kuma yi wa Tarabulus ruwan bama-bamai a Afrilun 1986, wannan mugu ne na kyauta da ba ya bukatar bayani. Ga mai kallo a Agadas ko Kano, maƙwabta ne aka mayar dodo. Haka batun baƙaƙen fata. Goldie Wilson yana shara a shagon shayi, Marty ne ya fara furta masa cewa zai zama magajin gari. Sannan makaɗin nan ya buga wa ɗan'uwansa Chuck Berry, shahararren mawaƙi baƙar fata, waya ya jiyar da shi sabon salon da farin yaro ke kaɗawa, waƙar da Berry ya fitar a 1958. Masu kare fim ɗin na cewa ai Marty daga Berry ya koya, zagaye ne kawai. Gaskiya ne, amma makon da labarin ke faruwa yana tsakanin kisan Emmett Till, yaro baƙar fata da fararen fata suka kashe a Agustan 1955, da kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, a Montgomery ranar 1 ga Disamba. Raha ce da aka yi ta da sauƙin da bai kamata ba.

Ƙarshen ma akwai magana. Marty ya farka ya tarar da gida ya yi kyau, uba ya zama marubuci mai littafi, uwa ta rame tana fara'a, ga sabuwar Toyota da ya yi mafarki a gareji, ga Biff yana goge motar George yana rawar jiki. Glover ya sha faɗin cewa ya yi jayayya da Zemeckis kan wannan, don a ganinsa an mayar da kuɗi ladan soyayya. Ina tare da shi rabi. Dole a nuna wa ido cewa gidan ya canza, kuma littafin George shi ne girbin da ya dace, tun da tsoron nuna rubutu ne ciwonsa. Motar kuwa ƙari ce irin ta shekarun Reagan, wanda har ya ari jimlar ƙarshe ta fim ɗin a jawabinsa ga majalisa a Fabrairun 1986. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya yi wa Lorraine abin da ya yi a mota yana shiga gidanta yana fita, an mayar da shi abin dariya. Kuma akwai abin da Stoltz ya hango wanda fim ɗin ya tsallake da gudu: Marty ya dawo cikin iyalin da bai sani ba, yana ɗauke da tarihin shekara 17 da babu wanda ya yi shi tare da shi.

Jennifer kuwa ba ta da kujera sam, ban da rubuta lambar waya da jiran a dawo. Da Dakta ya dawo daga 2015 a fitowar ƙarshe ya kwashe su biyun a motar da ta tashi sama, marubutan wasa suke yi, ba su shirya ci gaba ba. Zemeckis ya ce da sun san za a yi na biyu, da ba su sa ta a motar ba. Da lokacin ya zo suka rasa abin da za su yi da ita, sai Dakta ya sa ta barci 'yan mintuna da fara fim, aka kwantar da ita a wani lungu.